Abin da Baba Ya Gani a Hannuna

Mahaifina mai zanen riga ne a cikin birnin Zariya. Sai na yi bayani, domin yau in ka ce mai zanen riga, yara da yawa za su ɗauka tela kake nufi. Babbar riga ta ɗinkin hannu aikin mutane da yawa ce. Akwai mai yanka yadi ya haɗa, akwai mai zane da zai shimfiɗa ta ya fitar da surar aikin da tawada, sannan masu ɗinki su bi layinsa da allura wata da watanni, a ƙarshe a wanke ta a kai mabuga a buge ta har ta ɗauki ƙyalli. Baba shi ne na tsakiya. In riga ta kammala ba a ganin aikinsa, zare ya rufe tawadar, abin da ya saura kuma ruwa ya tafi da shi. Amma in layinsa ya karkace, komai gwanintar maɗinki, rigar ta karkace ke nan har ta tsufa.

Ni ce ta uku a ɗakinmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, Uwata yake ce mini. Yau sana'ata zanen gine-gine, kuma a Samaru na yi karatunta, a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai kafin in taka Samaru an riga an yi mini aikin da ya fi wuya a gida, kuma Baba ne ya yi shi.

Kamar yawancin masu zanen riga na zamaninsa, Baba almajiri ne tun farko. Alƙalamin gamba da ya rubuta allo da shi, da shi yake zana aska biyu da aska takwas da tambari. Kayan aikinsa ba su cika tafin hannu biyu ba: alƙalami, kurtun tawada, da alli da yake damawa da ƙaro in rigar mai duhu ce irin saƙi. Ba shi da rula. Da taƙi da faɗin yatsu yake awo. Da hantsi zai shimfiɗa tabarma a zaure inda haske ke shigowa, ya baje riga, ya yi shiru yana kallonta kamar ba zai fara ba, can sai ka ga hannu ya sauka. Zaure ba wurin zaman 'ya mace ba ne, amma ni ake aikowa da ruwa ko fura, ni kuma in na ajiye ƙwarya sai in laɓe a bakin ƙofa har Inna ta ƙwala mini kira.

Abin da na gani a zaure shi nake zuwa in kwaikwaya a tsakar gida da tsinke, daga baya na koma bango da gawayi. Na sha faɗa wurin Inna, kuma da gaskiyarta, ita ke shafe bangon. Wata rana da la'asar Baba ya zagaya bayan ɗaki ya tarar da abin da na yi a can. Ya aika aka kira ni, na zo ina jiran bulala.

Ya ce, "Uwata, ke kika yi wannan?"

Na ce ni ce.

"Mene ne shi?"

"Aska takwas ce, Baba."

"To, ƙirga mini."

Na ƙirga, bakwai. Ya ce ina ta takwas ɗin? Na ce wuri ne ya ƙare. Sai ya tsuguna har kansa ya yi daidai da nawa, ya ce, "Wuri bai ƙare ba. Kin fara zane ba ki raba filin ba. Ana raba fili kafin a sa alƙalami." Ya karɓi gawayin ya ɗiɗɗiga alamu a gefe, ya nuna mini yadda takwas ɗin za su zauna da na fara da rabo. Da ya miƙe sai ya leƙa madafa ya ce wa Inna, "Wannan bangon a bar mata shi."

Ban wuce shekara bakwai ba a lokacin. Na daɗe ina tunanin ranar, domin abu uku ya yi a cikin 'yan mintoci. Ya tsaya ya duba aikin yarinya kamar aikin babba, ya faɗa mini gaskiyar inda ya gaza, sannan ya ba ni wurin da zan ci gaba. Da ya ce "kai, ya yi kyau" ya wuce, da na ji daɗi na yini ɗaya na manta.

Baba ba mai yabo ba ne. Ya ba ni tsohon allo ya ce in riƙa zana tambari, wato zagayen nan mai nannaɗewa da ake sawa a ƙirjin riga da bayanta. Shi daga tsakiya yake farawa, ya riƙa juyawa yana buɗewa, tazarar kowane layi daidai da na gabansa, ba tare da wani abin awo ba. Ni nawa kullum sai ya kumbura ta gefe ɗaya. In na kai masa, ba ya cewa komai, sai ya ɗora bakin alƙalami a daidai inda ya kumbura, in je in wanke in sake. Haka muka cinye damina guda. Ranar da na kai masa ya duba ya rasa inda zai ɗora alƙalamin, sai kawai ya ce, "Gobe dagi." Na fita da gudu ina tsalle, domin na riga na san harshensa.

Ina ganin iyaye yanzu, yaro na yin ɗan zane sai a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, dangi su yi ta Masha Allah, amma babu wanda ya zauna minti biyar ya duba abin da yaron ya yi. Ba na ƙin yabo, nakan yaba wa nawa 'ya'yan fiye da yadda aka yaba mini. Amma yaro yana gane yabon wanda ya duba da na wanda bai duba ba.

Kada a ɗauka ni Baba ya sa wa rai tun farko. Yayanmu babba shi ne magaji a idon kowa, kuma Baba ya yi shekaru yana zaunar da shi a gefensa. Hannun Yaya yana da nauyi, zama kuma yana gundurarsa. Amma aike shi kasuwa sayen zare, zai dawo da farashin kowane kanti a kansa, ya gaya maka wa ya ƙara kwabo wa ya rage, ya kuma dawo da canjin da ba a zata ba. Inna ta gaya mini bayan na girma cewa abin ya hana Baba barci ba sau ɗaya ba, domin sana'ar daga mahaifinsa ya karɓe ta, kuma yana ganin za ta tsaya a kansa. Duk da haka wata safiya ya kama hannun Yaya ya kai shi wurin wani abokinsa dillalin riguna a kasuwar birni, ya ce ga ɗa nan na ba ka.

Baffanmu, yayan Baba, bai ji daɗi ba. Ya zo har zaure ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sakaci ka yi masa. Da ka tsananta da ya iya."

Baba ya ce, "Yaya, na duba hannun yaron nan shekara da shekaru. Allah bai ajiye masa a nan ba. A kansa da bakinsa ya ajiye. In na matsa, zan samu mai zane maras kyau, in rasa ɗan kasuwa nagari."

Yau Yaya yana da shagon shadda a Kantin Kwari a Kano, kuma shi ya riƙe gidanmu lokacin da idon Baba ya raunana. Nakan ce abin da Baba ya yi wa Yaya ya fi wanda ya yi mini wuya. Ni son ransa na bi. Shi kuwa sai da Baba ya haɗiye nasa burin kafin ya ga na ɗansa.

Boko ya same ni ne ta hanyar shirin UPE na ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976. Na shiga aji ɗaya a 1978, da safe boko, da yamma allo. Ba zan ce Baba mai son boko ne a lokacin ba. An zo rubuta yara, mai unguwa ya yi magana, ya bayar. Wata rana malamin aji ya ce mu zana mutum da doki, na zana na kawo gida ina murna. Baba ya duba ya ce shi dai a gidansa ba a zana mai rai. Na yi kuka sosai, domin dokin ya fito. Na san akwai masu ganin wannan a matsayin tauye yaro, kuma na san malamai sun yi maganganu daban-daban a kan mas'alar. Abin da zan shaida shi ne, bai hana ya tafi ya bar ni da hawaye ba. Ya ce, "Zana mini zauren nan. Zana mini Ƙofar Doka. Garin nan cike yake da abin zanawa."

Kuma bai tsaya a faɗa ba. Ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya ɗora ni a bayan kekensa Raleigh mu zaga gari. Mu tsaya a ƙofar fada in kalli adon bango, mu bi lunguna yana nuna mini zankwaye da indararo da dagin da magina suka fitar a goshin zaure, yana cewa, "Kin gani? Abin da muke sawa a riga shi suke sawa a bango." Wata safiya da ba ta Juma'a ba ya nemi izinin mai kula da tsohon masallacin Juma'a, muka shiga. A shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti an lulluɓe shi, amma abin da ya rage na ginin ƙasar yana ciki. A nan na fara jin sunan Malam Mika'ilu Babban Gwani, wanda ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Na ɗaga kai na ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, yana tashi daga ginshiƙi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, dukkansa na ƙasa da itace. Na tambayi Baba me ya riƙe shi bai faɗo ba.

Ya ce, "Wannan ba fannina ba ne. Amma na san wanda ya sani."

Ya kai ni wurin wani tsohon magini abokinsa. Tsohon ya ɗauko karare ya zauna a ƙasa ya nuna mini. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma ba a sake mata faɗin da ya wuce kusan mita 2 ba tare da abin tallafi ba, in ba haka ba sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi, sai a dasa azara a bango ta ɗan leƙo, a ɗaure, a yaɓa ƙasa a bar ta ta bushe, a ɗora wata a kai ta ƙara leƙowa, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a tsakiya. In baka biyu suka gitta juna shi ne ɗaurin guga. Ya ce gaggawa ita ce ke kashe magini, domin wanda ya ɗora sabo a kan ɗanye zai kwashe shi a ƙasa. Shekaru bayan haka, da malami ya zana mana irin wannan a allo a jami'a da sunayen Turanci, ni karare nake gani a hannun tsohon nan. Uban da ya san iyakar saninsa, ya kuma ɗauki ɗansa ya kai shi inda sanin yake, ya yi rabin aikin.

Da na shiga sakandare aka ce kowa ya zo da akwatin kayan lissafi. Baba ya saya, da dare ya ce in buɗe ya gani. Ya ɗauki kamfas yana juya shi a hasken fitila, ya ce in nuna masa aikinsa. Na zana da'ira. Sai ya ɗauko wata riga da ya gama zanawa, ya kafa tsinin kamfas a tsakiyar tambarinsa, ya buɗe shi zuwa layin waje ya zagaya. Fensirin ya bi tawadarsa kusan ba kauce. Ya yi murmushi, ya ce, "Ashe Bature ma ya san abin." Daga nan na nuna masa abin da aka koya mana, cewa in ba ka canja buɗin kamfas ba, ka riƙa taka shi a bakin da'irar, zai raba ta gida shida daidai. Ya sa na maimaita, ya karɓa ya gwada da kansa, ya ce shi da ido yake yi, bai san akwai dalili ba. Tun daga ranar in na dawo makaranta sai ya ce, "Uwata, yau me aka ce a lissafi?" Mutumin da hakimai ke aiko wa da riguna ya zauna 'yarsa tana koya masa. Ba na jin akwai abin da ya sa na riƙi lissafi da gaske kamar sanin cewa da dare akwai mai jiran in maimaita masa.

A wancan lokacin aiki yakan yi wa masu zane yawa tun watanni kafin Sallah, domin duk wanda zai hau a tawagar Sarki Shehu Idris yana son sabuwar riga, ɗinkin kuma yana cin lokaci. A irin wannan matsin ne Baba ya shigo da wata farar shadda cikin shigifa, domin na fara girma ba na fita zaure. Ya riga ya zana gaban. Ya juya bayan, ya miƙo mini alƙalami ya ce, "Tambarin baya naki ne." Shaddar ta wani ce, kuɗinta ya fi abin da muke ci a wata. Hannuna ya kama rawa. Da ya ga haka sai ya sa takalmi ya ce zai je masallaci, alhali lokacin salla da saura. Na yi bisimilla na raba filin, na fara daga tsakiya. Da ya dawo ya ɗaga rigar a haske, ya daɗe yana dubawa, ya ninke ta ya ɗora a kan waɗanda aka gama. Ranar da mai riga ya biya, ya ƙirgo wani abu ya sa mini a hannu, ya ce, "Ladan aikinki ne, ba kyauta na ba ki ba."

A shekarun nan ne matan birni suka shiga ɗinkin riga sosai, aikin da a da maza ne ke yi. Gida-gida za ka ga mace da riga a cinya tana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Saboda haka da na gama aji uku na sakandare, Gwaggo ta ga hanya a buɗe take: ga sana'a a hannu, ga manema sun fara aike, me ya rage? Lokacin kuma tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP na 1986, ya fara cizo, zare da shadda sun yi tsada, masu ɗinkin keke suna karɓe kasuwa da araha. Gaskiya gidanmu yana bukatar hannuna. Gwaggo ba muguwa ba ce, tsoron abin da mutane za su ce take yi, kuma duk sa'o'ina a unguwa an riga an kai su ɗaki.

Aka taru a ɗakin Inna, ina jin su daga tsakar gida. Gwaggo ta ce, "Malam, 'ya mace ce fa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Baba ya ce, "Yaya, ba gida za ta bari ba. Aure za ta yi in sha Allahu, ni ma ina so in ga jikokina. Amma duk wanda zai ɗauke ta, da alƙalaminta zai ɗauka. Amana ce Allah ya ba ta, ni kuma ya ba ni tsaronta. Ba ni zan binne ta ba."

Manemin farko da ya ji sharaɗin bai sake dawowa ba. Gwaggo ta yi wata biyu ba ta shigo gidanmu ba. Baba bai janye ba, bai kuma daina zuwa gaishe ta duk Juma'a ba.

A nan nake so iyaye maza su saurare ni. Uwa ce takan fara ganin baiwar yaro, domin ita ke yini da shi. Amma a gidajenmu maganar uba ce ke yanke hukunci: shi zai ce a je ko kada a je, shi zai biya, shi zai tsaya gaban dangi, shi zai ba da aure ya sa sharaɗi ko ya yi shiru. Ina da ƙawa a unguwarmu da hannunta ya fi nawa, kowa ya sani, ni ma na sani. Mahaifinta mutumin kirki ne, bai taɓa dukanta a kan zane ba. Bai dai taɓa ganin zanen ba ne. Yakan fita da asuba ya dawo bayan lisha, ya bar cefane, a ganinsa ya sauke nauyi. Da aka zo maganar aurenta bai san akwai wani abu da zai kare ba. Yau ita ce gwanar lallen amare a yankinsu, tana rufa wa kanta asiri, ina kuma alfahari da ita. Amma ta taɓa riƙe takardar zanen wani gida da na yi, ta bi layukan da yatsa, ta tambaye ni tambayoyin da ɗaliban jami'a ba sa yi, na koma gida zuciyata a cunkushe.

Na samu gurbi a sashen zanen gine-gine a 1990. Mata a ajinmu ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Aka ba mu jerin kayan da za mu saya: allon zane, doguwar rula mai kai, alƙaluman tawada masu lamba-lamba, takardu manya. Allon, Baba ya sa kafinta ya yi, ya tsaya a kansa yana shafawa da tafin hannu har sai da ya daina jin tudu. Sauran kuwa sai a kantin Sabon Gari, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Bayan kwana biyu kayan suka iso, keken Raleigh kuma ya ɓace daga zaure. Bai ce komai ba, ni ma ban iya tambaya ba. Daga lokacin da ƙafa yake kai wa masu ɗinki aiki.

Karatun ya ja saboda yajin aikin malaman jami'a na 1992 da 1994 da 1996. A tsakani na yi aure da wani malamin makaranta wanda ya ji sharaɗin Baba ya ce ya karɓa, kuma Allah ya saka masa, ya cika. Da na haihu abin ya yi mini yawa: goyo, girki, zane har tsakar dare, ga motar Samaru kullum. Labari ya kai wa Baba cewa ina maganar ajiyewa. Kowa ya san uba ba ya zaryar gidan 'yarsa, amma ranar sai ga yaro ya shigo ya ce ana sallama. Na fito na tarar da shi tsaye a zaure, ko zama ya ƙi yi.

Ya ce, "Uwata, na ji kin gaji. Gajiya gaskiya ce. Na yi magana da Innarki, ki riƙa kawo mata yaron da safe. Saura kuma ki ƙarasa."

Ya juya ya tafi. Bai yi mini wa'azi ba, mafita ya kawo.

Akwai ranar da na kai masa zanen wani gida da na yi a aji, irin na littattafan da muke karantawa, ƙofa na buɗewa kai tsaye cikin falo, tagogin gilashi manya. Na yi masa bayanin yadda ake karanta shi, cewa kamar an cire rufi ne ana leƙowa daga sama. Nan da nan ya gane, domin ai shimfiɗaɗɗen zane ne aikinsa. Ya bi da yatsa daga ƙofa, ya tsaya.

"Baƙo in ya yi sallama, ina zai tsaya?"

Na ce zai shigo falo.

"Matan gida fa, in suna shan iska? A ina za a yi daka, a ina za a shanya? Wannan tagar kuma yamma take kallo, wa zai zauna a ɗakin da la'asar a watan bazara?"

Ba ni da amsa ko ɗaya. Tambayoyin nan su suka zama aikina na ƙarshe a jami'a, su ne kuma nake yi wa duk wanda ya zo in zana masa gida. Da yawa suna zuwa da hoton gidan Abuja a waya, dogon rufin kwano da gilashi ko ta ina, alhali wuta ba ta tsayawa balle na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki. Nakan nuna musu cewa bango mai kauri yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi, tsakar gida tana jan iska, zaure kuma yana ba mai gida damar karɓar baƙo ba tare da an takura wa iyali ba. Wasu su yarda, wasu su tafi wurin wani. Waɗanda suka yarda, ban taɓa jin wanda ya dawo da kuka a bazara ba.

Ginina na farko da ya tashi 'yan azuzuwa ne na wata Islamiyya. Lokacin idon Baba ya riga ya yi rauni, shekarun duƙawa a kan layi sun karɓi nasu. Yaya ya kawo shi a mota. Ya bi bango yana shafawa, ya auna faɗin taga da taƙi, ya auna ta gaba, ya tsaya a tsakiyar aji ya ji ta inda iska ke shigowa. Sannan ya ce, "Madalla, Uwata." Ya rasu a 2009. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da Aljanna.

Jarrabawar ta zagayo gidana ta inda ban zata ba. Autanmu, namiji, tun yana ƙarami ba ya rabuwa da madafa. Yana ɗanɗana miya ya gaya miki abin da ya yi kaɗan, ya kwaɓa fulawa ta tashi fiye da tawa. Maigidana, wanda ya tsaya mini a kan karatuna, a nan sai ya cije. Likita yake so, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa namiji mai son tukunya a wurinmu. Ya hana shi shiga madafa, yaron ya koma shiru-shiru, ko makarantar ma ya daina mai da hankali.

Ban yi gardama da shi a gaban yara ba. Da dare na ba shi labarin Yaya da dillalin riguna, wanda ya sha ji, amma wannan karon na roƙe shi abu ɗaya: kada ya yarda, kada ya ƙi, ya dai duba tukuna. Azumin bara ya sa ido. Yakan dawo da wuri ya zauna a tsakar gida da carbi, yana kallon yaron yana haɗa kayan buɗa-baki, yadda yake awo, yadda yake gyara wuta, yadda yake wanke komai kafin a kira salla. Bai ce uffan ba har aka yi Sallah. Bayan Sallah da kwana kaɗan ya kira shi ya ce, "Ina da aboki mai gidan burodi a Kaduna. In an yi hutu za ka je wurinsa, kuma daga shara da wankin tire za ka fara. Amma sakamakon makaranta in ya sauka, maganar ta tashi."

Yaron ya yi hutu biyu a can. Sakamakonsa ya hau, musamman a lissafi da kimiyyar sinadarai, kuma bana shi da mahaifinsa suka zauna suka cike fom ɗin JAMB na shiga jami'a tare, suka zaɓi kimiyyar sarrafa abinci.